Wasiyya a Bakin Tukunya

Takalman mata ne suka kai ni Chengdu. Duk wanda ke zuwa Chaina sari ya san Guangzhou, ya san unguwar Xiaobei inda za ka ji Hausa da Ibo da Faransanci da Larabci suna tashi a layi guda, har tuwo ka samu idan ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. To sai wani abokin sana'a ya raɗa mini cewa wasu takalman da muke saye a hannun dillalan can ba a can ake ɗinka su ba. Daga yamma ake kawo su, daga Chengdu, babban birnin lardin Sichuan, inda unguwar Wuhou ta yi suna da masana'antun takalmin mata. Na ce ashe shekara da shekaru dillali nake yi wa noma. Na yanki tikiti.

Ina da ƙarin dalili. Ɗan yayata yana karatun likita a garin, kuma tun da ya tafi uwarsa ke damuna in je in gano mata ko yana cin abinci. Na same shi ya yi ƙiba, ya iya yaren mutanen har yana yi musu faɗa a waya. Nan take na naɗa shi tafinta, ba albashi.

Chengdu gari ne na mutum fiye da miliyan 20, yana zaune cikin wani faffaɗan kwari da duwatsu suka kewaye, ga hazo ga laima. Singiletin da na wanke da daddare, da safe na tarar ya fi jiya jiƙewa. Su kansu Sinawa suna yi wa mutanen lardin ba'a, wai karen Sichuan in ya ga rana haushi yake yi, don bai saba ganinta ba. Ku riƙe zancen laimar nan, domin ita ce hujjarsu a kan duk abin da suka yi mini daga baya.

Mai masana'antar da muka je wurinsa wani gajere ne mai fara'a, taba ba ta barin hannunsa. Bayan mun yini muna ja-in-ja a kan tsinin dunduniya da kuɗin katan, ya ce ba a rufe ciniki da yunwa. Da ya ji mu Musulmi ne sai ya kai mu wani gidan abinci na 'yan ƙabilar Hui, kusa da masallacin Huangcheng, ɗan taƙi kaɗan daga dandalin Tianfu inda ƙaton gunkin Mao yake tsaye ya ɗaga hannu. Rubutun Larabci a ƙofa, mai gidan da farar hula. Hankalina ya kwanta. Alade kaɗai na taho da tsoronsa daga gida. Babu wanda ya gaya mini akwai halal mai sa mutum kalmar shahada.

Abincin da suka fi ji da shi ba a kawo maka shi dafaffe. Tukunya ake girkawa a tsakiyar tebur, an raba cikinta biyu da ƙarfe. Ɓangare ɗaya farin romo ne, ɗayan kuma ja wur, narkakken kitsen saniya da busasshen barkono suna tafarfasa. Sai a jere muku ɗanyen nama yankan siriri, da tumbi, da awara, da ganyaye, kowa ya tsoma nasa da tsinke, ya ciro, ya dangwala a man riɗi da tafarnuwa. Wato ka biya kuɗi kuma ka yi girkin da kanka. Ban tanka ba, tunda ba ni zan biya ba.

"Kawu, wai ya ce ko ka fi son ɓangaren farin romon? Baƙi da shi suke farawa."

Na dubi yaron nan sama da ƙasa. Ni da na tashi ina satar yajin jego a ɗakin mahaifiyarmu duk lokacin da aka yi mana ƙane. Ni da mai tsiren unguwarmu ke riƙe mini hannu yana cewa Alhaji ya isa haka.

"Gaya masa a garinmu attarugu muke taunawa mu kora da shayi. Gaya masa wannan abin da suke kira yaji, mu da shi muke dama wa yara kunu."

"Kawu, in fassara duka?"

"Kada ka rage ko wasali."

Mutumin ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi, ya kira mai hidima ya faɗa masa 'yar gajeriyar magana. Aka kawo kwano cike da wasu 'yan ƙwayoyi, jajaye da koraye, kowace bakinta a tsage, aka juye a jan ɓangaren. Wani ƙamshi ya tashi, na ɓawon lemon tsami. Na ɗauka ado ne.

Maganar gaskiya, abincin ya yi daɗi. Zafin barkonon kuwa bai wuce wanda na sani ba. Na yi gumi, na share, na ƙara. Ina gani mai masaukin nawa ya fara kallona da girmamawa, shi ma tafintan ya daina sunkuyar da kai. Sai wayarsa ta yi ƙara, ya ce daga makaranta ne, ya fita waje amsawa. Ni kuma na ga lokaci ya yi da zan rufe gasar. Na sa ludayi na kwaso ƙwayoyin nan daga ƙasan tukunya, na cika cokali, na zuba a baki, na tauna ina kallon mutumin ido cikin ido.

Da farko babu komai sai ɗan ɗaci da ƙamshi. Can sai na ji leɓena na ƙasa ya fara rawa. Na sa yatsa na taɓa, yana nan a tsaye ƙyam, amma daga ciki yana ta kaɗawa. Na sama ya karɓa. Harshe ya bi sahu, ya yi nauyi, ya zama ba nawa ba. Minjiryar da kan kama ƙafar wanda ya daɗe a zaune, ita ce ta tattaro kayanta ta tare a bakina. Yawu ya ɓalle. Na ɗauki ruwa na kurɓa, ruwan ya koma wani abu mai tsami da ɗanɗanon ƙarfe. Na buɗe baki zan ce innalillahi, abin da ya fito ni kaina ban gane shi ba.

Kafin ku yi dariya, ku tsaya ku ji lissafina. Ina da hawan jini. Maganin yana cikin wata jaka da na bari a ajiya a Guangzhou. Maƙwabcinmu da ɓarin jikinsa ya shanye, matarsa ta ce da nauyin baki abin ya fara masa, yana tsakar cin abinci. Mutum mai irin wannan tarihi, bakinsa ya mutu a ƙasar da bai iya tambayar banɗaki ba, me kuke so ya zata? Akwai kuma zato na biyu, cewa na matsa wa mutumin nan a farashi fiye da kima. Akwai na uku, cewa dillalan Guangzhou sun ji labarin na tsallake su, kuma jifa ba ya neman biza.

Na nuna wa mai masaukin bakina da hannu biyu, ina zare ido. Ya washe haƙora, ya ɗaga mini babban yatsa, ya ƙara tsomo mini tumbi daga jan romon ya ajiye a kwanona. A nan zato na biyu ya ƙara ƙarfi.

Musulmi ba ya son ya tafi da haƙƙi a wuyansa, kuma wasiyya tana son shaidu. Na ciro waya. Akwai 'yar dabarar da 'yan kasuwa ke sakawa don WhatsApp ya yi aiki a can, kuma a ranar, cikin ikon Allah, ta yi aiki fiye da kullum. Na shiga zauren 'yan layinmu na kasuwa, inda ƙanena yake, da maƙwabtan shago, da rabin masu karɓar kaya a hannuna. Chaina tana gaban Najeriya da awa 7, saboda haka daren Chengdu tsakar ranar Kano ce, kowa yana bakin shagonsa, waya a hannu. Na danna na fara magana. Na nemi gafarar kowa. Na faɗi inda takardun shago suke. Na faɗi inda takardun wani fili suke, filin da har zuwa wannan lokaci daga ni sai Allah sai wanda ya sayar mini muka san da shi. Sannan na shiga lissafo masu riƙe da kuɗina, ɗaya bayan ɗaya, da suna da adadi, ina yafewa. Na saki yatsa, saƙo ya tafi. Na juya kujera zuwa inda nake kyautata zaton alƙibla ce, na fara abin da ya dace.

A haka yaron ya dawo ya same ni.

"Kawu! Lafiya?"

Na nuna baki. Na nuna sama.

Ya dubi cokalin da ke gabana, ya dubi mai masana'anta, na ga kumatunsa sun fara motsi. Amma in ba shi haƙƙinsa, ya danne, ya yi aikin likita tukuna.

"Yi murmushi in gani, Kawu."

Mutum yana bakin kabari ana ce masa ya yi murmushi. Na yage baki.

"Duka ɓangarorin sun tashi daidai. Ɗaga hannuwanka biyu, ka riƙe su a sama. Yauwa, babu wanda ya faɗi. Matse yatsuna. Wayyo, ya isa. Numfashi fa, yana fita sosai? Maƙogwaro bai kumbura ba? Babu ƙuraje ko ƙaiƙayi a jiki?"

Na girgiza kai.

"To Kawu, shanyewar jiki ɓari guda take kamawa, baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki. Kai kuwa leɓɓanka ne duka biyu da harshe, daidai inda abin ya taɓa. Huajiao ka tauna. Nawa ka ci?"

Na nuna cokali.

"Cike?"

Daga nan likitanci ya ƙare. Ya kifa kai a tebur. Ya fassara wa mai masana'anta, shi kuma ya fassara wa teburin kusa, kafin ka ce kwabo har mai dafa abinci ya leƙo daga madafa ya ga Baƙin da ya ci cokali guda. Aka kawo mini madarar gyaɗa mai sanyi. Ina kurɓa tana zubowa ta gefe, yaron yana yi mini karatu.

Ya ce abin ba barkono ba ne, ba kuma masoro ba. Ɓawon 'ya'yan wata bishiya ce mai ƙaya, 'yar dangin lemo, shi ya sa ƙamshin. A cikin ɓawon akwai wani sinadari da ake kira sanshul. Shi barkono, jijiyar da ke jin ƙuna yake yaudara, sai ta kai wa ƙwaƙwalwa rahoton gobara alhali babu wuta. Sanshul kuwa jijiyoyin taɓi yake shiga, waɗanda ke gaya maka an shafa ka ko wani abu yana girgiza a jikinka. A 2008 wata masaniya a Amurka, Diana Bautista, da abokan aikinta suka nuna cewa yana toshe wasu ƙananan ƙofofi da ke sa jijiya ta zauna lafiya, sai ta dinga aika saƙo ba tare da an taɓa ta ba. A 2013 kuma wasu masu bincike a jami'ar UCL ta Landan suka shafa wa mutane shi a leɓe, suka ɗora musu yatsa a kan wata na'ura mai kaɗawa, suka ce kowa ya faɗa idan rawar yatsa ta yi daidai da rawar leɓe. Aka tashi da kusan kaɗawa 50 a daƙiƙa guda.

"Hamsin, Kawu. Daidai da bugun wutar lantarkin da ake ba mu a gida."

Wato abin da na ji kamar a ce na ɗora leɓe a kan wayar NEPA ne, da bambanci guda: wannan ba a ɗauke ta ba sai da ta gama aikinta. Kafin rabin awa bakina ya dawo hannuna. Kalmar farko da na furta sarai ita ce sunan yaron, ta biyu kuma ba ta rubutuwa.

Mai masana'anta, da ya ga na rayu, sai ya zama malamin tarihi. Ya ce barkonon da nake taƙama da shi baƙo ne a wurinsu. Daga nahiyar Amurka jiragen ruwa suka kawo shi, bai iso Chaina ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16, kuma ya daɗe kafin ya shiga tukunyar Sichuan. Huajiao kuwa sun fi shekara dubu biyu tare. Mafi daraja shi ne na gundumar Hanyuan, a kudu maso yammacin Chengdu, wanda tun zamanin daular Tang ake aika wa sarki. Da hannu ake tsinkarsa cikin ƙaya a tsakiyar zafin bazararsu, shi ya sa ba ya araha. A zamanin daular Han, a fadar Chang'an, inda birnin Xi'an yake yau, da shi ake kwaɓa ƙasar da ake yaɓe ɗakin matar sarki, don ɗumi, don ƙamshi, kuma don fatan haihuwa, tunda bishiyar tana zuba 'ya'ya tuli. Na roƙi yaron kada wannan labari ya kai kunnen uwargida, ana fama da kuɗin fenti.

Na ce to duk na ji, amma me ya sa mutum da hankalinsa zai kashe bakinsa kafin ya ci abinci? Ya ce ai ba cokali ake ci ba, kuma ba a tauna shi tsurarsa sai in Baƙo ne mai gasa. Kaɗan ake sawa, ya ɗan sagar da harshe, sai zafin barkono ya zo da sauƙi, ɗanɗanon nama ya fito. Sannan ya nuna waje, ya nuna gwiwarsa. Laimar garin, in ji shi, shiga ƙashi take yi, kuma sai da waɗannan biyun ake fitar da ita ta gumi. A nan na ji mun zama 'yan'uwa. Mu ma duk ciwon da aka rasa sunansa sanyi ne, kuma citta da kanumfari ake tura masa.

Ban kunna waya ba a daren. Na san abin da ke ciki.

Da gari ya waye na ce a kai ni inda ake sayar da abin, domin ɗan kasuwa ko maciji ne ya sare shi sai ya tambayi kuɗin fatar. Muka je kasuwar masu magungunan gargajiya, rumfa bayan rumfa, saiwoyi da ɓawo da busassun abubuwan da ban so a gaya mini sunansu ba. Muka tsaya wurin wata tsohuwa mai buhuna jajaye da koraye. Yaron ya ba ta labarina, ban sa shi ba. Ta yi dariya har ta riƙe buhu, sannan ta ɗebo ta baza a tafin hannu tana koya mini. Jan ya fi ƙamshi mai nauyi, koren ya fi kashe baki. Baƙin ƙwallon da ke ciki ba a so, garas-garas yake a haƙori, ɓawon ake nema. Duk ƙwayar da bakinta bai tsage ba kuwa a jefar, tsofaffin littattafan maganinsu sun ce guba ce. Na tuna cokalina na jiya, wanda ban tsaya duba bakin kowa ba.

Sai ta shiga jero amfani, yaron yana fassarawa yana sa nasa gishirin. Ta ce yana ɗumama ciki, ana ba mai ciwon ciki na sanyi da mai amai da gudawa. Yana kashe tsutsar ciki. Ana dafa shi a wanke ƙaiƙayi da ruwan. Mai ciwon haƙori ya danne ƙwaya guda a kan haƙorin. Mace mai son yaye takan sha ruwansa don nono ya ɗauke. Ana ƙulla shi a tsumma a jefa cikin buhun shinkafa, ƙwari ba sa zama. Yaron ya ce yawancin wannan yana cikin babban littafin Li Shizhen na ƙarshen ƙarni na 16, kuma har yau kundin magunguna na gwamnatinsu ya san da shi, ya ƙayyade giram 3 zuwa 6. Akwai ma wani haɗi da likita Zhang Zhongjing ya rubuta kusan shekara 1,800 da suka wuce, na huajiao da busasshiyar citta da saiwar jinsen da maɗi, wanda asibitocin Japan ke ba da irinsa ga waɗanda aka yi wa tiyatar ciki don hanji ya motsa.

"Ka ga ke nan magani na sha jiya," in ji ni.

"Magani na mutum biyar, Kawu. Kuma kada ka je gida ka buɗe kemis. Kashe zafin haƙori gaskiya ne, jijiyar yake ruɗawa, amma ramin yana nan yana jiranka. Zancen kashe ƙwayoyin cuta da rage kumburi kuma, mafi yawansa a kwalba da jikin ɓera aka gani, ba a jikin mutum ba. Mai juna biyu da mai gyambon ciki su yi hankali da shi. Wanda kuma ya ci ya ga fuska ta kumbura ko numfashi yana sarƙewa, wannan asibiti ne kai tsaye."

Yaran yanzu ba sa barin tsohuwa ta yi cinikinta. Ita dai ba ta ji me ya ce ba, ta dubi ƙafafuna, ta ce daga ganin tafiyata laima ta shige ni. In tafasa ƙwayoyin cikin tafin hannu guda, in tsoma ƙafa kafin barci, zan kwana ban juya ba. Na sayi kilo, har da ragi.

A hanya yaron ya ce Amurka ta taɓa hana shigar da shi ƙasarta, daga 1968 har 2005. Na ce alhamdu lillahi, ashe akwai hukumar da ta damu da bakin talaka. Ya ce a'a, gonakin lemonsu suke karewa, don yana iya ɗauko wata cutar bishiyar lemo, kuma da aka yarda a riƙa gasa shi da zafi kafin a loda sai suka buɗe ƙofa. Lemo aka tausaya wa.

Da daddare na tafasa abin a butar shayin otal. Ta ce tafin hannu guda, amma tafin hannunta ƙarami ne, ni kuma ƙafata lamba 45 ce, saboda haka na yi lissafin da ya dace. Na tsoma ƙafa, na ji daɗi ƙwarai, ɗumi ya ratsa ni har gwiwa. Ruwa ya ragu a butar shayin, baƙi ƙirin, mai ƙarfi. Ni ba almubazzari ba ne. Na nemi mazubin da zan adana shi saboda gobe, kuma a duk ɗakin mazubi ɗaya ne nawa na kaina: 'yar butar robar da ba na tafiya ko'ina sai da ita.

Tsohuwar ba ta yi ƙarya ba, na yi barci mai nauyi. Nauyinsa ne ma ya sa da asuba na tashi ido rabi a rufe, na laluba buta a inda take kullum, na shiga banɗaki ban kunna fitila ba. Malamai sun ce ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa ya canza ba ya alwala, kuma ina shaida cewa wannan ruwa ya cika sharuɗɗan nan uku. Sai dai ban gano ba sai a wurin kurkurar baki da shaƙa ruwa. Alwala kuwa, kowa ya sani, akwai abin da ke gabatarta. A kan wannan ba zan ce komai ba, illa dai na yi sallar asuba a kan lokaci, da sabon ruwa, kuma na daɗe ban yi tahiya da gaggawa irin ta ranar ba.

Na dawo Kano da takalma masu kyau, a farashin da ko dillali zai yi kuka. Babu wanda ya tambaye ni takalma. Tun daga bakin layi yara masu dako ke gaishe ni da leɓe a saki. Uwargida ta tarbe ni da fara'a, ta kawo ruwa, ta kawo abinci, ta bari sai da na ƙoshi, sannan ta ce, "Alhaji, wai ta wace hanya ake bi zuwa filin namu?"

Na kai wa Gwaggo tsarabarta, na haɗa mata da ɗan ƙullin huajiao don ta ga abin da ya kusa raba ta da ɗanta. Ta sansana, ta ɗan gatsa da sauran haƙoranta, ta yi shiru tana juya baki.

"Kai ɗan nan, wannan ai ɗan'uwan fasa ƙwari ne. Shi ka hau jirgi ka je ka yi wa kuka? Da ka zo na aiki yaro Kurmi."

Na kira likitan namu a waya don ya ƙaryata ta, sai ya gaskata ta. Ya ce bishiyoyin biyu 'yan gida ɗaya ne, Zanthoxylum. Namu saiwa da ɓawon itacen ake amfani da su, a daka a yaji, a yi asuwaki da shi don ciwon haƙori, shi ma yana ɗan sagar da baki, har Farfesa Abayomi Sofowora ya yi bincike a kan saiwarsa game da cutar sikila tun shekarun 1970. Wato yajin jegon da na yi wa Basine gori da shi, da ɗan'uwan abin a ciki. Na kashe wayar, kuɗin kira ƙasar waje ba wasa ba ne.

Saura zancen bashi. Na bi masu riƙe da kuɗina ɗaya-ɗaya, kowa ya yi mini barka da arziki, kowa ya ciro waya. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka ɗunguma wurin malamin da ke ja mana salla a kasuwa. Malam ya ce mas'alar a fili take. Idan wasiyya ce, ba ta aiki sai mai ita ya mutu, ba ta wuce sulusin dukiya, kuma yana da ikon janye ta muddin yana numfashi. Idan kuwa yafiya ce kai tsaye, bashi ya faɗi, ba a dawo da shi. Saboda haka magana tana kan lafazi: na ce "in na mutu na yafe", ko kuwa "na yafe" kawai?

"Allah gafarta Malam, na ce in na mutu."

Aka kunna. Kasuwa ta yi tsit. A daidai wurin da na san na faɗi sharaɗin, abin da ya fito daga wayar wani dogon gurnani ne mai yawu a ciki, sannan "na yafe" ta fito tar, har da sunan mutum da adadin kuɗi. Aka maimaita. Ɓangarena suka ce ga "mutu" nan a ciki, ana jin mim. Ɓangarensu suka ce nishi ne na mai jin jiki.

Malam ya gyara zama ya ce akwai wata ƙofa. Idan abin da na ci yana gusar da hankali, to maganar wanda hankalinsa ya gushe ba da gangancinsa ba, ba a kama shi da ita. "Alhaji, a lokacin kana cikin hankalinka?" Na duba hagu, na duba dama. In na ce e, kuɗi sun tafi. In na ce a'a, gobe babu mai ba ni ajiyar ko sisi a layin nan, kuma za a ce Alhaji ya je Chaina ya sha wani abu. Na ce Allah gafarta Malam, ga abin nan a aljihuna, a duba.

Malam mutum ne mai tahƙiƙi, ba ya fatawa a kan abin da bai sani ba. Ya zaɓi koraye guda uku, ya yi bisimilla, ya tauna. Muka zuba masa ido. Ya ɗaga yatsa zai yi magana, ya sauke. Ya taɓa leɓensa. Ya dubi almajirinsa, ya yi masa nuni da a kawo ruwa, na ce Allah gafarta Malam ruwa ƙara shi yake yi. Da hannu ya sallame mu.

Har yau ba a sake zama ba. Babban mai bashin dai kullum sai ya biyo ta shagona ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi jiki. Shekaranjiya ya ɗan daɗe yana juya wani takalmi a hannu, sannan ya ce, "Alhaji, wai yaushe za ka koma Chengdu ne? Don akwai ragowar kuɗin katan goma sha biyun nan na bara, ban ji ka ambace su a muryar ba."